Uwani Mai Tuwo da Awon Safiya

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Illela da yunwa ya san rumfar Uwani, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ta uku daga bakin titi, wadda ake share gabanta a yayyafa ruwa sau uku a yini. Shekara ashirin da shida ke nan tana tuƙa tuwo a wurin, tun tana goye da ɗanta na fari har ya tsirar da gemu ya tafi Agadas neman na kansa. 'Yar Bazaga ce. A can kakarta ta koya mata tuƙi, rabi da baki rabi da ranƙwashi, aure kuma ya kawo ta Illela da tukunya biyu da muciya ɗaya da wani hali da har yau bai bar ta ba.

Halin nan shi ne ƙyanƙyami. Allah ya zuba wa Uwani shi ba da awo ba. Idan ƙuda ya sauka a kan malmala, malmalar ta zama ta awaki. Ta taɓa bin wani direban babbar mota da muciya har bakin kwalta saboda ya fyace majina kusa da murhunta ya goge a wando. Wanda bai wanke hannu da sabulu ba, ko mai gari ne, ba ya ganin kwanonta. Mutane su zage ta a bayan ido, gobe su dawo su yi layi, don miyar kukarta da man shanu ba ta da ta biyu daga nan har Malbaza.

Mijinta Rabo mai amalanken jaki ne, yana kwasar buhunan gero da albasa daga tasha zuwa kasuwa. Mutum ne mai sanyi, mai yawan dariya, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ce wa kwano a'a ba. Da sassafe ɗumame. Da hantsi koko da ƙosai, sukari cokali huɗu. Da azahar malmala biyu a rumfar matarsa, ya kora da fura mai sukari. Da la'asar shayi zagaye uku tare da 'yan amalanke, shayin da in ya ɗiga a hannu sai yatsu sun manne. Da magariba a sake tuwo. Wuyansa ya yi ninki biyu, Uwani kuwa in ta dubi wuyan nan har cikin ranta take jin daɗi, domin a tasha cewa ake yi duk mai son sanin hannun Uwani ya dubi Rabo.

Kiyashi ne suka fara tona zancen. Wata safiya Uwani ta shiga makewayi da tsintsiya ta tarar sun yi baƙi ƙirin a inda Rabo ya yi fitsari. Ta watsa toka, ta kwarara ruwan zafi, washegari suka dawo har da 'yan uwansu. Ranar ko karyawa ba ta yi ba don ƙyanƙyami. Ta lura kuma mutumin ya koma shan ruwa kamar jakinsa, bayan tuwon azahar kuma barci ke kwashe shi a zaune, baki buɗe. Sannan ga ƙafa. Wata ƙusa ta amalanke ta shige masa ƙarƙashin babban yatsan dama, ya yini yana yawo da ita bai ji ba, sai da ya zo alwala ya ga jini a takalmi. Sati uku ciwon bai rufe ba. Ya fara ruwa, ya fara wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi da Uwani ke jiyowa tun daga zaure.

Ita ta tasa shi gaba zuwa likita, ɗan asibitin garin, da sanyin safiya, ko koko bai sha ba. Majo, wato ma'aikaciyar jinyar da ke duba masu irin wannan ciwo, wata yarinya ce 'yar Konni mai suna Nazifa, siririya, mai saurin magana, wadda Allah bai koya mata rage murya ba. Ƙofar ɗakinta kuma ba ta rufuwa, benci biyu na masu jira suna jin komai. Ta tsira wa Rabo 'yar allura a yatsa, ta ɗiga jinin a bakin wani ɗan inji kamar ƙaramar waya, ta duba, ta sake dubawa.

"Ɗari ukku da tamanin! Baba, kuma ba ka ci komi ba? Subhanallahi. Na mai lahiya da sahe bai wuce ɗari da kaɗan ba." Ta juyo kan Uwani. "Inna, mi kika ba shi a gida?"

Kafin Uwani ta buɗe baki wani tsoho daga benci ya amsa. "Majo, ba ki san ta ba? Ai Uwani mai tuwo ta. Tambayi mi na ba ta ba shi!" Benci biyu suka kwashe da dariya.

An sha zagin Uwani a rayuwarta, an ce mata mai iyayi, an ce mata mai baƙin hali, duk bai taɓa hana ta barci ba. Amma girkinta ba a taɓa yi masa dariya ba sai ranar. Ta ji kamar an tsaya a tsakiyar tasha an ce guba take tuƙawa. Kunya ta rufe ta, haushi ya biyo baya.

Nazifa ba ta ma lura ba, tana ta bayani. Ta ce ciwon sukari ne. Ta ce jinin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya daga safe zuwa dare, duk abin da ya shiga ciki sai ya bi ta jini, sukarin ya hau bayan an ci, ya sauko in an jima. Na mai lafiya yana saukowa da wuri. Na Rabo kuwa ya hau ya zauna, kafin ya fara saukowa an sake ɗora masa wani kwanon. Naman da ke jiƙe cikin irin wannan jini ba ya haɗuwa in ya tsage.

"In ba mu saukar da shi ba, ƙahwar nan ba ta warkewa, Inna. Kuma wadda ba ta warke ba, yanke ta aka yi."

Ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta ba da ƙwaya. Ta ce tuwo rabin malmala, miya da ganye da yawa, ba sukari ko a koko ko a fura ko a shayi, kuma a ci a kan lokaci. Ta rubuta lambar a karnensa, ɗan littafinsa na likita. "Ku dawo bayan sati biyu, da sahe, ciki ba komi. In lambar ba ta sauka ba, allura za mu hwara, kullum kullum."

Maganar yanke ƙafa ta shiga kunnen Uwani, ba a ce ba ta shiga ba. Kwana biyar ta bi ƙa'ida. Ta dafa zogale ba mai, ta dama koko salam, ta yanka malmala biyu ta ajiye wa Rabo rabi, tana yi tana yamutsa fuska, domin a ganinta abincin nan ko kare zai shinshina ya wuce. Rabo ya ci, idonsa dai yana bin kwanonin mutane. A rana ta huɗu wani ɗan kamasho ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Uwani, hannun ya mutu na? Na ga Rabo ya hwara zubewa." A rana ta shida Rabo da kansa ya ture kwanon zogalen.

"Uwani, in mutuwa ta, bari in mutu da ƙoshi."

Ta yi masa ɗan faɗa na fita hakki. Amma gaskiya ita ce maganar da take jira ke nan. Ta cika kwano, ta kwarara man shanu, ta zauna tana kallonsa yana lasar yatsu, ranta fari tas.

Sai da ranar komawa ta matso sannan hankalinta ya tashi. Ba allurar take tsoro ba, ba ma ƙafar ba. Bencin nan take gani, da bakin tsohon nan mara haƙora. Ta kai kukanta wurin Balaraba mai ƙosai, maƙwabciyar rumfarta, wadda ta shekara shida da ciwon sukari, ta zama tsohuwar hannu a bencin likita. Balaraba ta yi dariya har mai ya fantsalo mata.

"Ke dai ba ki da wayo, Uwani. Injin nan mi ya sani? Abin da ya ishe da sahe shi yaka hwaɗi. In baƙo za shi zo gidanki, ba shara kika yi ba? To ki share mai jini. Jajibirin randebu, ranar da majo ta ce ku koma, daga azahar kak ki ba shi komi. Dahwa ganyen bedi, dogon yaron nan mai ɗaci, shi sha kohi biyu, da sahe shi taka da ƙahwa har likita. Mu duka haka muka yi. Wa ka son yarinya ƙarama ta wanke shi gaban mutane?"

Abin takaicin shi ne ba ƙarya ta yi ba. Rabin mutanen bencin nan haka suke zuwa, dattawa da furfurarsu, ciki a rarake, baki ɗaci kamar an wanke shi da maɗaci, kowa da dabino ko ƙosai a aljihu yana jiran ya fita ƙofa ya afka. Su cuci cikinsu yini guda don a ce musu madalla, su koma gida su cuci jininsu kwana goma sha uku. Wani ya koya wa wani, har da alfahari, kamar wata sana'a ce aka gada. Ita kuwa Uwani, da maganar shara ta shiga kunnenta, sai ta ji abin ya zauna mata daidai. Ai ko ɗan uwanka ne zai zo, ba ka barinsa ya tarar da tsakar gida kaca-kaca.

Jajibirin ranar ta kife kwanon Rabo tun azahar. Ta tafasa ganyen bedi, ya sha yana kakari, hawaye na zuba. Da safe ya ɗingisa a kan ƙafar nan mai ciwo tun daga gida har likita, yana haɗa gumi, yana ganin jiri. Nazifa ta tsira, ta ɗiga, ta duba.

"Ɗari da arba'in! Kai, madalla!" Har tafi ta yi. Ta leƙo ƙofa. "Ku masu benci, kun ji? Haka aka kula da miji. Inna, kin yi ƙoƙari. Ba sai mun kai ga allura ba, mu ci gaba da ƙwaya."

Uwani ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta bi ta gaban tsohon nan ba ta ko dube shi ba. Suna isa rumfa ta yanka wa Rabo zakara, ta dama masa fura ƙwarya guda, ta zuba sukari da hannu sake don ya rama yunwar jiya.

Haka aka yi sau shida, wata uku cur. Karnen Rabo ya cika da lambobi masu kyau, a jere, ba wadda ta kai ɗari da hamsin. Ƙafar kuwa ba ta karanta karne. Ramin ya faɗaɗa, bakinsa ya yi fari ya kumbura, mugunya ta koma ruwan toka. Uwani ce ke wankewa safe da yamma, ta ɗaure hancinta da gefen mayafi, ta kau da kai, wani lokaci ta fita da gudu bayan ɗaki ta yi amai ta dawo ta ƙarasa. Ta ware wa ƙafar kwano daban da tsumma daban. Ta riƙa turara ɗakin har ido na yaji, amma warin ya saba da turaren, suka koma fita tare. Kafin ta taɓa muciya sai ta goge hannunta da toka da sabulu har fatar ta tsattsage, duk da haka in ta kai loma baki sai ta ji kamar yana nan a ƙarƙashin farce.

Nazifa ta rasa gane kan abin. Ta canza magani, ta canza abin ɗauri, ta riƙa juya karnen tana tsaki. "Da lamba wagga ya kamata a ce ta rufe. Baba, tsakaninka da Allah, kana bin ƙa'ida?"

Rabo ya saci kallon matarsa. "Ina bi, ɗiyata."

Kada a ce Uwani ba ta sani ba. Ta sani sarai. Mace ce mai kai, ta ga ƙafar da idonta, ta kuma san abin da take zubawa a kwano. Duk ranar da suka fito daga likita sai ta ce a ranta wannan ne na ƙarshe, zuwa na gaba za ta kai shi yadda yake a ga gaskiya. Amma yanzu abin ya fi na da nauyi. Matar da aka yaba a gaban benci, aka ce a yi koyi da ita, ita ce za ta koma ta ce duk ƙarya ce? In ta tuna haka sai ta ɗora tukunyar bedi.

Kwana huɗu bayan zuwa na shida, ta kwance tsumma da safe ta ga babban yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, na kusa da shi ya fara bi. Ta yafa mayafi za ta ce ya tashi su tafi, sai idonta ya sauka kan kwanon ɗumame da ya riga ya share, da kofin koko. Ya ci. In ta kai shi yanzu, injin zai tarar da gida ba shara. Ta tsaya a tsakar ɗaki da mayafi a kafaɗa, ta daɗe, sannan ta cire shi ta rataye. Ta ce bari ta shirya shi yau, su tafi gobe. Ta nemo safa mai kauri ta saka masa a kan ɗaurin. Da azahar ta yi kuma ya dube ta da idon nan nasa na yunwa, ta kasa kife kwanon. Gobe kuma ranar kasuwa ce, wa zai rufe rumfa ranar kasuwa? Sai jibi.

Ranar kasuwar rumfa ta cika maƙil, har wasu na ci a tsaye. An idar da azahar ba da daɗewa ba sai ga babur ya tsaya, Nazifa ta sauko da jakarta a kafaɗa. Zargi ne ya kawo ta, ta gaji da karnen da ke cewa lafiya da ƙafar da ke cewa a'a.

"Inna, na zo in ɗanɗana tuwon nan da aka hwaɗi."

Bakinta ne ke maganar tuwo, idonta yana can ƙuryar rumfa. Rabo na jingine da ginshiƙi yana gyangyaɗi, gabansa kwano biyu a share, da ƙwaryar fura saura kaɗan, sukari kwance a gindinta. Uwani ta yi yunƙurin shiga tsakani da ludayi a hannu, amma yarinyar ta riga ta tsuguna ta kama yatsansa. Ko farkawa sosai bai yi ba aka tsira masa. Injin ya yi ɗan jim, bai ba da lamba ba, sai wasu haruffa biyu. Ta sake da wani yatsan, haka dai.

Karo na farko tun da Uwani ta san ta, Nazifa ta yi magana a hankali, kuma wannan ya fi ihun ciwo.

"Ya wuce abin da inji ka iya ƙirgawa. Inna, wanga shi na jinin da ƙahwatai ka sha kullum, daga hantsi har dare. Wanda kuka kawo min na sahiya guda na cikin sha huɗu. Ni kuma da shi niy yi aiki, da shi na hana mai allura." Ta juya ga Rabo. "Baba, cire safar nan."

"Ba nan ba," in ji Uwani. "Mutane na cin abinci."

"Nan. Yanzu."

Safar ta manne, sai da aka jiƙa ta. Da ta fita, warin ya tashi ya cika rumfar gaba ɗaya, ya danne ƙamshin man shanu da daddawa da hayaƙin murhu. Yatsu uku sun yi baƙi, bayan ƙafar ya kumbura yana sheƙi, wani ja ya haura har sama da idon sawu. Mutumin da ke kusa ya ajiye lomar da ya ɗauko. Wani ya toshe hanci da hula ya fice, wani bai kai bakin titi ba ya durƙusa. Kafin a ce me, ƙudajen kasuwa sun samu labari. Suka taso daga wurin mahauta, manya masu kore, suka sauka a ƙafar, suka tashi suka sauka a malmalar da ke cikin kwando, suka koma ƙafar. Uwani tana tsaye da ludayi tana kallonsu, ba ta kori ko ɗaya ba.

A ranar aka ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti a Konni. Kwana biyu ana tsira masa yatsa duk bayan awa uku, ana ba shi abinci a kan lokaci, ana allura, ana rubutawa a wata takarda da aka rataye a ƙarshen gadonsa. Uwani ba ta yi lakwal ba, ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba, amma zanen da ke takardar bai buƙaci karatu ba. Layi ne yana hawa bayan kowane cin abinci, ya sauko, ya sake hawa, ya fi yin ƙasa gab da asuba. A nan ta ga ɗan wurin da ta yi wata uku tana sharewa, ɗan lungu ɗaya a ƙasan takarda, ga sauran yinin duk a sama.

Likitan da zai yi aikin dattijo ne mara yawan magana. Ya buɗe karnen, ya bi lambobin nan shida da yatsa, ya dubi takardar gado, ya dubi Uwani. Ta shirya wa faɗa, har so take a yi mata. Bai yi ba.

"Da an hwara allura wata ukku baya, da wataƙila ko yatsa ba mu taɓa ba," ya ce. "Yanzu sai ƙasa da gwiwa. In munka jira, rai za ta ɗauka."

Aka shiga da Rabo da hantsi. Wajen azahar wani ma'aikaci ya fito yana tambayar dangin Rabo na Illela. Uwani ta taso. Ya miƙo mata wani ƙunshi dogo, an naɗe da baƙar leda an ɗaure da igiya, ya ce a kai a binne, su ba sa ajiyewa. Binnewa aikin maza ne, ƙanen Rabo kuma, Chindo, yana hanya bai iso ba. Ta duba ƙasa, ƙasar asibiti ce, ga yawu ga bawon lemo. Ba ta iya ajiye shi a nan ba. Ta koma gindin bishiya ta zauna ta ɗora shi a cinya. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta ledar tana jin inda diddige yake, warin kuma yana fitowa ta bakin ɗaurin a hankali, tana shaƙa, ba ta kau da kai ba.

A haka matan tasha suka same ta, sun yo mota guda sun zo dubiya, Balaraba a gaba da ƙwaryar fura a ka. Suka zazzauna nesa kaɗan, kowacce ta ja mayafi ta rufe hanci da dabara.

"Sannu, Uwani. Ƙaddara ta," in ji Balaraba. "Kowa ya san kin yi iyakar yinki. Majo da bakinta ta yaba miki gaban mutane, mu duka mun ji." Sauran suka amsa, wallahi haka ne, ba macen da ta kula da miji kamar Uwani.

Yabon da ta saya ke nan, an kawo mata shi har Konni. Ta dubi fuskar Balaraba mai maiƙo, ta dubi ƙwaryar furar da ta san an cika ta da sukari, ta ji ƙyamar da ba ta taɓa ji ba ga ƙuda ko majina ko mugunya. Rabinta ta Balaraba ce. Sauran duk tata ce, kuma ba toka ko sabulun da zai fitar da ita.

"Ɗauke hurarki, Balaraba," ta ce. "Ni na hana mai allura, ke kin sani, ni na sani. Kak ki ƙara ce min sannu."

Ɗaya bayan ɗaya suka tuna da motar komawa.

Chindo ya iso da la'asar. Ya karɓi ƙunshin da hannu biyu yana salati, ya tafi neman wanda zai raka shi maƙabarta. Uwani ta miƙe, cinyarta ta yi tsami, ta shiga ɗakin da aka kwantar da Rabo. Ya fara farfaɗowa, maganin barci bai gama sakinsa ba, leɓensa a bushe. An rufe shi da farin zane. Daga gwiwar dama zuwa ƙasa zanen kwance yake shafal a kan katifa.

Ya buɗe ido da ƙyar, ya gane ta, har ya ɗan yi murmushi.

"Uwani."

"Na'am, Malam. Ga ni."

"Babban yatsan nan ka yi min ƙaiƙayi. Na dama. Taimaka ki sosa min, na kasa kaiwa."

Ta tsaya ta dubi zanen. Sannan ta zagaya ƙarshen gadon ta durƙusa, ta ɗora hannunta a kan zanen, daidai inda ya kamata yatsan ya kasance, ta fara sosa katifa da farcenta.

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan," in ji Rabo, idonsa a rufe.

Ta matsar da hannun ƙasa kaɗan.